Manhajar tafiyar da aiki: a san ƙofar fita kafin a shiga

A birorin furoje da dama na Yamai da Maraɗi da Damagaram da Tawa, haka nan a gidajen manyan ƴan kwangila da masu shigo da kaya daga ƙetare, jadawalin aiki yakan zauna ne cikin takardar Excel guda ɗaya, wadda mutum ɗaya tak ya san kanta. Muddin ayyukan ba su wuce talatin ko arba'in ba, takardar tana biyan bukata. Amma ranar da suka kai ɗari uku, kowane da mai alhakinsa da kuɗinsa da ranar da ya kamata ya ƙare, wasu kuma suna jiran wasu, sai a wayi gari takardar ta haihu: kofi biyar a cikin kwamfuta biyar, kowane da nasa ranaku. A nan ne darakta ko maigida yakan ce a nemo manhaja ta musamman, wadda ma'aikata suka fi sani da lojisiyel, domin tafiyar da aiki.

Nemowar ba ta da wuya, domin masu talla sun cika kasuwa, kowa na yabon hajarsa. Zaɓen shi ne mai wuya, kuma kuskure a cikinsa yana da tsada: tarar jinkiri a kan ɗan kwangila, tsayawar kuɗin masu ba da lamani a kan furoje, da watanni na sake bugun abin da aka riga aka buga. Abin da ya kamata mai zaɓe ya riƙe a ransa shi ne, dukiyar aiki tana cikin bayanan da aka tara, wato wane aiki ke jiran wane, wa ya canza wace rana, nawa aka kashe a kan me. Manhaja mazubi ce kawai. Mazubi na ƙwarai kuwa abu biyu ake nema gare shi: ya riƙe abin da aka zuba ba yoyo, sa'an nan ranar da aka so juyewa ya fito da shi dukansa.

Abin da ake nufi da aiki mai tsari

Wanda wannan fili ke magana da shi ya wuce matakin rubuta "a sayi siminti" a bayan ambulan. A wurinsa kowane aiki yana da gurabe sanannu waɗanda ba su canzawa: lamba, suna, mai alhaki, yawan kwanakin da zai ci, aikin da yake jira kafin ya fara, layin kasafin da za a cire kuɗinsa, garin ko komin ɗin da za a yi shi, matsayin da yake ciki, da takardar shaidar kammalawa. Ayyukan kuma hawa-hawa suke: babban kashi, ƙaramin kashi a ƙarƙashinsa, sa'an nan ɗaiɗaikun ayyuka. Ma'aikatan gomnati sun san wannan tsari ta hanyar abin da ake kira cadre logique, wanda aka ƙirƙiro a shekarar 1969 domin hukumar taimakon raya ƙasashe ta Amurka, da kuma tsarin aiki da kasafin shekara da ake taƙaitawa da PTBA.

Ƙa'idar farko ita ce a rubuta waɗannan gurabe a kan takarda tun kafin a kalli tallar kowace manhaja. Wanda ya fara kallon talla, launuka da zane-zane sukan ɗauke masa hankali, daga baya ya koma yana lanƙwasa aikinsa domin ya dace da abin da ya saya. Wanda ya riga ya rubuta gurabensa kuwa, tambayarsa a fili take: ina zan sa layin kasafi, hawa nawa manhajar ke ɗauka, tana yarda a ƙara sabon gurbi, kuma in an ƙara ana iya tace ayyuka da shi? In mai talla ya amsa cewa a rubuta layin kasafi cikin gurbin sharhi, to, wannan manhaja ba ta dace da aiki mai tsari ba, domin abin da aka jefa cikin sharhi ba ya taruwa a lissafi.

Lissafin jira

Babban abin da ya raba jerin ayyuka da jadawali na gaskiya shi ne lissafin jira. Zanen sanduna da ake liƙawa a bangon biro ya samo suna daga Henry Gantt, wani injiniyan Amurka da ya yaɗa shi tsakanin 1910 da 1915. Zanen yana nuna farko da ƙarshen kowane aiki, amma a asalinsa ba ya faɗin abin da zai faru da sauran in ɗaya ya makara. An samu amsar wannan a ƙarshen shekarun 1950: a 1957 James Kelley da Morgan Walker suka fito da hanyar da injiniyoyi ke kira chemin critique da Faransanci, suna aiki wa kamfanonin Remington Rand da DuPont, a 1958 rundunar ruwan Amurka ta yi amfani da tsarin PERT wajen ƙera makamin Polaris, a shekarar nan kuma Bernard Roy a Faransa ya fito da tasa hanyar mai suna MPM. Dukansu tambaya ɗaya suke amsawa: wane jerin ayyuka ne in ya makara da kwana ɗaya, duk aikin ya makara da kwana ɗaya?

A ɗauki misalin ɗan kwangilar da aka ba ginin mangaza. Haƙar tushe kwana 10, zuba tushe kwana 5, ɗaga bango kwana 20, ɗaurin kankare na sama kwana 7, rufi kwana 8. Kowane yana jiran na gabansa, jimla kwana 50. A gefe ɗaya an yi odar kwanon rufi tun ranar farko, ana sa ran isowarsa cikin kwana 30. Tun da ba a bukatar kwano sai bayan kwana 42, odar tana da sararin kwana 12. Ko ta makara da sati ɗaya babu asara. Amma in hanya ta canza har kwano ya ɗauki kwana 60, lissafi ya juye: yanzu bango ne ke jiran kwano, kuma mangazar ba za ta ƙare ba sai kwana na 68. In a ce kwangilar ta miliyan 40 ce, takardarta kuma ta tanadi tarar kashi ɗaya cikin dubu a kowace ranar jinkiri, kwana 18 ɗin nan sun ci jika 720.

Ƴan kasuwar ƙasar nan sun ga irin wannan da idonsu. Bayan 26 ga Yulin 2023, da aka rufe gadar da ke tsakanin Malanbil da Gaya, kayan da suka saba fitowa daga tashar Kotonu sun koma bin Lome, su ratsa Burkina Faso ta Kaya da Dori zuwa Tera, kamyo-kamyo cikin ayari da rakiyar soja. Duk wanda ke da aikin da ya rataya a kan kayan ƙetare sai da jadawalinsa ya rushe. Mai jerin ayyuka kawai sai ya zauna ya gyara ranaku ɗari da hannu. Mai manhajar da ta san jira kuwa, lamba ɗaya zai canza, sauran ranakun su gyara kansu, ya kuma ga nan take wane aiki ne ya shiga hatsari da wanda har yanzu ke da sarari.

Saboda haka sai a tambayi manhaja iri nawa na jira ta sani. Iri huɗu ne: wannan ba ya farawa sai wancan ya ƙare, wanda shi ne ya fi yawa, su fara tare, su ƙare tare, da kuma wanda ba ya ƙarewa sai wani ya fara, wanda ba safai ake bukatarsa ba. Sai kuma tazarar dole, kamar kwanakin da ake bari kankare ya yi ƙarfi, wanda injiniyoyi ke auna cikar ƙarfinsa a kwana 28. A kuma duba kalandarta: tana yarda a rage ranar Juma'a, a cire ranakun Salla waɗanda ke matsowa da kwana 10 ko 11 kowace shekara, a kuma rufe watannin damina ga aikin da ke bin hanyar ƙasa? Manhajar da ta san Asabar da Lahadi kawai za ta riƙa ba da ranakun da ba su faruwa.

Gidaje huɗu

Manhajojin da ke kasuwa suna da yawa, amma ana iya kasa su gida huɗu. Gida na farko shi ne na allo da katuna, inda kowane aiki ke kan kati, ana matsar da shi daga "za a yi" zuwa "ana yi" zuwa "an gama". Dabarar ta samo asali daga kanban na kamfanin motoci na Toyota a Japan, kuma Trello, wanda ya fito a 2011, shi ya fi shahara a wannan gida. Yana da sauƙin koyo, ma'aikaci kan iya shi cikin wuni ɗaya, sai dai ba a gina shi domin lissafin jira ba. Ya dace da ƙaramin biro mai bin dosiye-dosiye, bai dace da shantiye ba.

Gida na biyu shi ne na injiniyoyi. Microsoft Project, wanda ya fara fitowa a 1984, da Primavera, wanda aka kafa kamfaninsa a 1983 kafin Oracle ya saye shi a 2008, su ne manyan wannan gida. Suna lissafin jira, suna raba ma'aikata da injuna tsakanin ayyuka, suna kuma adana jadawalin asali domin a riƙa gwada shi da abin da ya faru. A manyan ayyukan hanya da madatsun ruwa da man fetur, sau da yawa takardar kwangila ce ke faɗin da wacce za a kawo jadawali. Akwai ƴan'uwansu na kyauta, ProjectLibre da GanttProject, masu aiki a kan kwamfuta ba tare da intanet ba, kuma suna iya buɗe jadawalin da aka yi da Microsoft Project. Raunin wannan gida shi ne yakan zama kayan mutum ɗaya: mai tsara jadawali ya ƙware, sauran ma'aikata kuwa sai dai a buga musu a takarda.

Gida na uku shi ne na bin sawu, inda kowane aiki ke da lambarsa da tarihinsa, ana ganin wanda ya taɓa shi da ranar da ya taɓa. Jira, na kamfanin Atlassian na Ostireliya, wanda ya fito a 2002, yana nan, yana kuma da harshen tambaya da ake tace dubban ayyuka da shi. Haka Redmine, wanda Bafaranshe Jean-Philippe Lang ya fitar a 2006, da OpenProject na Jamus. Waɗannan biyun buɗaɗɗu ne, kowa na iya sa su a na'urarsa, kuma suna magana da Faransanci. Gida na huɗu shi ne na teburori masu alaƙa, irin su Airtable da Smartsheet, masu kama da Excel a ido amma suna iya ɗaure teburin ayyuka da na kasafi da na ƴan kwangila, ta yadda in aka gyara suna a wuri ɗaya ya gyaru a ko'ina.

Excel kansa ba abin rainawa ba ne, amma yana da iyaka, kuma ba kullum yake yin kuka in an kai ta ba. A Oktoban 2020 hukumar kiwon lafiya ta Ingila ta gano cewa sunayen mutum 15,841 da gwaji ya nuna suna da korona sun faɗi daga lissafinta na kwanaki takwas, saboda ana tara sakamakon cikin tsohon nau'in takardar Excel da ba ya ɗaukar fiye da layi 65,536. Abin da ya wuce iyakar ya zube ba tare da kowa ya sani ba. Darasin da ke nan shi ne, mazubin da ke yoyo a ɓoye ya fi wanda ya fashe a fili hatsari.

Ƙofar fita

Manhaja ba ta dawwama, ko da ta babban kamfani ce. Microsoft ya sayi Wunderlist a 2015, ya rufe shi a watan Mayun 2020. Atlassian ya daina sayar da nau'in Jira da ƙananan kamfanoni ke sawa a na'urarsu a Fabrairun 2021, ya kuma daina kula da shi a Fabrairun 2024. A 2025 Microsoft ya ba da sanarwar ritayar Project Online, ya sa mata ranar 30 ga Satumban 2026. Furojen raya ƙasa yakan ɗauki shekara biyar zuwa bakwai, masu binciken kuɗi kuma suna iya neman takardunsa bayan an rufe shi. Kenan akwai yiwuwar bayanai su fi manhajar tsawon rai. Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara; wanda bayanansa ke zaune a gidan wani, sai ya san yadda zai kwashe su ranar da mai gida ya ce a tashi.

Gwajin wannan ba ya cin fiye da awa biyu. A shigar da ayyuka kamar hamsin masu hawa da jira da takardu maƙale, a fitar da su, sa'an nan a gwada shigar da su cikin wata manhaja dabam. Abu huɗu ake dubawa: hawan ayyuka ya fito yadda yake, jiran juna ya biyo su, tarihin canje-canje ya fito, takardun da aka maƙala sun fito? Sau da yawa abin da ke fitowa sunaye ne da ranaku kawai, sarƙar da ta ɗaure su ta tsinke a hanya, alhali sarƙar ce aka yi watanni ana ƙullawa. A nemi manhajar da ke fitar da bayanai cikin sifofi buɗaɗɗu kamar CSV da XML da JSON, wadda kuma ke da ƙofar da ake kira API, inda wata manhaja ke iya karɓar bayanai kai tsaye. Sifar da kamfani ɗaya kaɗai ya san sirrinta, kamar MPP, ba a dogara da ita wajen ajiya ta dogon lokaci.

Akwai ƙananan tarkuna da ke kama mai aiki da Faransanci da Hausa musamman. Kwamfutar da aka saita da Faransanci tana raba guraben CSV da waƙafi mai ɗigo, tana kuma rubuta rabin lamba da waƙafi, ta Amurka kuwa akasin haka take yi. In ba a daidaita ba, duk layi ya dunƙule cikin gurbi ɗaya. Kwanan wata 03/04/2025 a Yamai 3 ga Afrilu ne, a Amurka kuwa 4 ga Maris. Maganinsa a riƙa rubuta shekara da wata da rana, wato 2025-04-03, bisa ƙa'idar ISO 8601. Lambar aiki irin 2.10 tana iya komawa 2.1 in aka bar ta a matsayin adadi, ta haɗu da wani aiki dabam, don haka a ajiye ta a matsayin rubutu. Haruffa masu ƙugiya, ɓ da ɗ da ƙ da ƴ, da masu alama na Faransanci, sukan rikiɗe su zama shirme in ba a zaɓi UTF-8 ba. Sunan Maraɗi kaɗai ya isa a gwada wannan.

Wuta da rezo

Yawancin sababbin manhajoji ba su zauna a kwamfutar mai aiki. Suna can a na'urorin kamfani a Turai ko Amurka, ana shiga ta intanet. Amfanin haka a fili yake: injiniya a Damagaram da akanta a Yamai suna ganin jadawali ɗaya a lokaci ɗaya. Amma amfanin ya rataya a kan wuta da rezo. A farkon Agustan 2023 Najeriya ta yanke wutar da take turo wa Nijar, wadda a lokacin ta kai kusan kashi 70 cikin 100 na abin da ƙasar ke amfani da shi, kuma ba ta dawo ba sai a Maris na 2024. A ranar 14 ga wannan wata na Maris ɗin kuma wayoyin intanet huɗu na ƙarƙashin teku suka katse a gaɓar Afirka ta Yamma, ƙasashe da dama suka yi kwanaki cikin wahalar rezo. Mai zaɓe sai ya tambaya: in rezo ya ɗauke kwana uku, me ma'aikaci zai iya gani, me zai iya rubutawa, kuma in ya dawo yaya ake sasanta gyaran mutum biyu a kan aiki ɗaya?

Ajiya a ƙetare ma ba ta hana gobara. A daren 10 ga Maris na 2021 wuta ta cinye ɗaya daga cikin gidajen na'urorin kamfanin OVH a birnin Strasbourg na Faransa, kuma wasu da ba su da kofi a wani wuri sun rasa bayanansu har abada. Wanda ya sa Redmine ko OpenProject a na'urar da ke cikin bironsa ya tsira daga katsewar wayar teku, amma ya ɗauki nauyin batir da zafi da ƙura da ɓarawo. Kowace hanya aka bi, wajibi ne a fitar da cikakken kofi kowane sati, a ajiye a wuri na biyu, a kuma gwada buɗe shi lokaci-lokaci, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Ga birorin gomnati akwai ƙarin tambaya: in jadawali na ɗauke da sunaye da lambobin wayar mutanen da ake taimakawa, ya shiga hurumin dokar kare bayanan mutane, wadda Nijar ta fara kafawa a 2017 tare da hukumar HAPDP, don haka sai an san inda bayanan za su kwana kafin a sa hannu.

Kuɗin gaskiya

Manhajojin intanet haya ake biyan su, kan kowane mutum a kowane wata, da dala ta Amurka ko yuro. Yuro ɗaya sefa 655.957 ne. In a ce hayar yuro 10 ce kuma ma'aikata 20 ne, a shekara an biya yuro 2,400, wato miliyan ɗaya da jika 574 da ƴan kai. A shekara biyar an doshi miliyan takwas. Sau da yawa kuma abubuwan da mai aiki mai tsari ke bukata, kamar jira da ƙarin gurabe, ba su cikin matakin kyauta, sai an hau na sama. Dalar Amurka tana hawa tana sauka, kuma dattawan kasuwa ba su manta da Janairun 1994 ba, lokacin da aka karya darajar sefa da rabi, duk abin da ake biya da kuɗin waje ya ninka cikin dare ɗaya. Ga kuma tambayar yadda za a biya: da katin wa, ta wane banki, kuma me ke samun bayanai in biya ya makara?

Manhaja buɗaɗɗiya ba ta da haya, amma tana da nata kuɗin: na'ura, batir ko hasken rana, da mutumin da ya iya sa ta da sabunta ta. In mutumin nan ɗaya ne kuma ya samu aiki a wani wuri, biro ya koma gidan jiya. Don haka a lissafa horon mutum biyu aƙalla. Araha ba ta ado, tsada kuma ba ita ce shaidar inganci ba. Lissafin shekara biyar, da haya da horo da kuɗin ƙaura a ƙarshe, shi ke nuna wadda ta fi sauƙi.

Yadda za a yanke shawara

Da farko a duba abin da ya zama dole. Furojen da Bankin Duniya ke ba kuɗi yana bin sayayyarsa ta tsarin STEP, wanda bankin ya shigo da shi a 2016, akantoci da yawa kuma suna riƙe lissafi da Tompro. Sabuwar manhajar ba za ta maye gurbin waɗannan ba, don haka lambobin ayyuka su zama iri ɗaya a ko'ina, domin a iya haɗa jadawali da kasafi ba tare da sake bugu ba. Sa'an nan a zaɓi biyu ko uku, kowace daga gida dabam, a zuba musu aiki na gaskiya wanda aka riga aka gama, wanda kowa ya san inda ya makara. A canza tsawon aiki ɗaya a ga ko sauran sun motsa. A fitar da rahoton wata uku da ake kai wa ministan ko maigida. A cire wayar intanet a ga abin da ya rage. A fitar da bayanai a mayar cikin wata.

A sa ma'aikacin da ya fi kowa nisa da biro cikin gwajin, wanda ke shantiye da wayar hannu da rezo mai rauni, domin shi ne zai riƙa faɗin an gama ko ba a gama ba. In shigar da labari ya fi masa wuya da bugun waya, zai bugo waya, manhajar kuma ta zama ado a kwamfutar darakta. A kuma tsai da ikon kowa: wa ke iya canza ranar ƙarshe, wa ke iya gani kawai. Jadawalin asali da aka sa wa hannu a kulle shi, duk canji ya bar sawu da suna da rana. Wannan sawu shi ne ke kare ma'aikaci mai gaskiya ranar bincike, shi ne kuma hujjar ɗan kwangila in ya nemi ƙarin wa'adi saboda jinkirin da ba laifinsa ba.

Manhaja ba ta kawo siminti, ba ta buɗe iyaka, ba ta kuma sa hannu a takardar biya. Abin da take iyawa shi ne ta faɗa da wuri cewa jinkirin yau zai ci kwana nawa a ƙarshe, ta kuma riƙe shaidar yadda aka yi. Biron da ya rubuta gurabensa, ya gwada jira, ya gwada rashin rezo, ya kuma tabbatar yana iya kwashe kayansa dukansu, ko wacce ya zaɓa daga baya ba zai yi babbar asara ba, domin in ta gaza zai juye cikin wata. Sai an gwada akan san na ƙwarai, kuma wata ɗaya na gwaji ya fi shekara biyar na da-na-sani sauƙi.